Ofishin da muka bi zuwa Umara ni da Inna daga Agege: inda suka kyauta da inda suka ba ni haushi

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo mutane ke tare ni, a shago, a masallaci bayan Magariba, har a waya, tambayar dai ɗaya ce, wai Malam ta wane ofishi kuka bi, nawa ka kashe, kuma ya aka yi ka iya haɗa kuɗin mutum biyu a wannan marra da buhun shinkafa ma sai an yi shawara kafin a saya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan ofishin ba zan faɗa ba, domin akwai wuraren da zan faɗi laifinsu kuma ba na so a ce na zo na ɓata wa mutum kasuwa a bainar jama'a, wanda ya matsu ya same ni a shago mu yi magana.

Ni tela ne, ɗinkin manyan kaya nake yi, kaftani da babbar riga da aikin wuya, shekara goma sha huɗu ke nan ina Agege. Inna tana wajena tun bayan rasuwar Baba, ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa ga hawan jini. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce in kai ta Makka ba, wallahi ko sau ɗaya, amma duk lokacin da aka nuna Harami a talabijin sai ta ajiye abin da ke hannunta ta zuba ido har a gama, wani lokacin ka ga tana share ido da bakin mayafi. Wannan ne ya tsaya min a rai. Kujerar Hajji kuwa na san ta fi ƙarfina a yanzu, sai na ce to ko Umara ce in samu ta ga Ɗakin Allah da idonta tun tana iya taka ƙafarta.

Tun 2021 nake tari, wani a asusun gwangwani ƙarƙashin teburin yanka, wani a banki. Zuwa farkon 2023 na haɗa naira dubu 900, ina ganin na yi nisa. Sai aka shiga wahalar canjin kuɗi, kowa ya tuna yadda muka kwana a layin ATM, aiki ya tsaya cak don masu kawo ɗinki ba su da tsabar kuɗi. Ba mu gama farfaɗowa ba ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni kuma Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Daga nan ne na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba, kuɗina suna nan yadda na ajiye su, ko kwabo bai fita ba, amma kullum Makka ƙara nisa take yi. Tikitin jirgi da dala ake lissafa shi, otal da riyal, biza da riyal, ni kuma ina ta zuba naira kamar mai ɗiban ruwa da kwando.

Wani abokina mai sayar da huluna ne ya ce in je in ga wani Alhaji, yana da tsarin da ake biya kaɗan-kaɗan. Ban so ba da farko, don mun sha jin labarin ejan da ya kwashe kuɗin mutane ya rufe ofis ya kashe waya. Amma na je. Ofishin yana saman bene a wata filaza ba nisa da titin jirgin ƙasa, in ka sauko daga gadar Pen Cinema tafiyar ƙafa ce. Ɗaki ɗaya ne, tebur biyu, fanka, ƙaramin janareto a baranda, benci na masu jira. Ba wani ƙyale-ƙyale. Alhajin haifaffen Agege ne, irin Hausawan nan da kakanninsu suka zo fataucin goro suka zauna, yana juya Yarabanci kamar ruwa, shi ya sa rabin masu zuwa wajensa Alhaja-Alhaja ne na unguwa. Sai wata yarinya mai hijabi da ke kan kwamfuta, ita ce ƙashin bayan wurin in gaya muku gaskiya, kowa Malama yake ce mata.

Abin da ya fara kwantar min da hankali, ban tambaya ba ya ciro takardun rajistar kamfani da lasisin Hukumar Alhazai, NAHCON, ya ajiye a gabana ya ce "Malam ɗauki hoto, ka je ka bincika, in ka gamsu ka dawo, kada ka ba ni ko sisi yau." Na ɗauka, na ba wani ɗan uwanmu da ya san harkar ya duba, ya ce lasisin na gaske ne. Dan Allah duk wanda zai ba wani ejan kuɗinsa ya yi wannan tukuna, ko da ejan ɗin a sahu ɗaya kuke sallah. Na biyu kuma kuɗin ba a hannu ake ba shi ba, asusun kamfani ake turawa, sunan kamfanin ne ke fitowa a alat, ba sunan wani mutum ba.

Tsarin nasu shi ne abin da ya sa nake wannan rubutun. Suna ba ka kati mai kauri kamar na asibiti, su ma suna da babban littafi. Duk ranar da ka tura kuɗi, ko dubu goma ne, Malama za ta rubuta kwanan wata, nawa ka kawo da naira, nawa dala take a ranar, sannan nawa kuɗinka suka zama da dala, ta sa hannu ta buga hatimi, ta kuma turo maka hoton shafin ta WhatsApp. Daga ranar kuɗinka sun tashi daga naira. A watan Yuli 2023 na kai musu dubu 900 ɗin nan, aka lissafa min a kan 820, aka rubuta dala 1,097. Ina riƙe da katin har yanzu, ya yi laushi saboda zama a aljihu. Zuwa Fabrairun 2024 da dala ta kusa 1,900 a kasuwar bayan fage, na zauna na buga lissafi a waya, da na bar kuɗin nan a gwangwani da ko dala 500 ba za su kai ba. Na daɗe ina kallon wayar. Fiye da rabin guminna na shekara biyu da ya tafi ba tare da ɓarawo ya shigo shago ba.

Amma kada wani ya ɗauka abin riba ce zalla. Farashin da suke lissafa maka kullum ya ɗara na 'yan canji da naira goma ko ashirin a kan kowace dala, na yi masa magana ya ce nan ne ladan wahalarsu yake, ban ji daɗi ba amma aƙalla bai ɓoye ba. Sannan akwai lokacin da abin ya juya min baya. A wannan Fabrairun da kowa ya firgita ana cewa dala za ta kai dubu biyu, na kwashi adashena dubu 500 na ruga na zuba a kan 1,800 da wani abu, Alhaji har ya ce "Malam ka ɗan dakata mana, kasuwar nan ta yi zafi da yawa", ban ji ba. Kafin tsakiyar Afrilu dala ta sauko ƙasa da 1,200. Wannan asarar tawa ce, ba tasu ba, kuma ita ta koya min in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan duk wata maimakon in jira in tara in zuba gaba ɗaya ranar da tsoro ya kama ni.

Kuɗin da aka yanka mana dala 1,750 ne kowane mutum, tikiti da biza da otal na Makka da Madina da motar da za ta riƙa ɗaukarmu, ban da abinci. Mu biyu 3,500. Wato bayan zubin farko saura wajen 2,400, na ba kaina shekara biyu, kusan dala ɗari duk wata. Ga mai albashi mai kauri wannan ba komai ba ne, ga mai jiran a kawo ɗinki kuwa, ga haya ga makarantar yara uku, sai da na taɓa kusan komai a rayuwata.

Abincin rana na waje na fara yankewa, maiɗakina ta riƙa zubo min a kula da safe, Allah ya saka mata, ba ta taɓa yin tsaki ba. Shayin dare wajen mai shayi da Indomie da ƙwai, wanda in ka haɗa shi a wata sai ka riƙe baki, na bar shi sai ranar Juma'a. Janareto muka haɗa ni da maƙwabcina mai aski, ɗaya muke tayarwa mu raba kuɗin mai. Shiga Balogun sayen shadda da zare da nake yi sau biyu ko uku a mako na mayar da shi sau ɗaya, ina tara saƙon kwastomomi in tafi gaba ɗaya, kuɗin mota da ɓata yini a gosulo duk suka ragu. Ƙyallayen da suke raguwa da da nake bari yara su share, na fara haɗa su ina ɗinka 'yan riguna na jarirai, wata mata a Mile 12 tana saye da dozin. Wayata fuskarta ta tsage tun 2023, da ita na je Makka na dawo. Wanda ya fi min ciwo shi ne Sallah biyu manya ban kai iyali gida ba, kuɗin motar mutum shida zuwa Funtuwa da dawowa da tsarabar dangi ya isa zubin wata biyu, sai dai mu gaisa ta bidiyo. Kakar Sallah kuwa, lokacin da tela ke ganin kuɗi, ban bari sun kwana a hannuna ba, ana biyana nake turawa, don na san kuɗin da ya kwana a aljihu da safe sai ya samu mai nema. Ƙanwata da ke aure a Idi-Araba ita ma ta riƙa turo abin da ta samu, ta ce ba za a kai Inna Makka babu hannunta a ciki ba.

Ranar da na gane mutanen nan masu amana ne ba ranar daɗi ba ce. Ƙarshen 2024 ƙaramin ɗana ya kwanta, aka ba mu gado, ana neman kuɗi cikin gaggawa. Na hau benen nan ƙafata na rawa, a raina ina cewa yau zan ji irin amsar da ake ba mutane, kuɗi sun shiga harka, sai wata mai zuwa. Na ce Alhaji ina son dala 200 daga cikin kuɗina. Bai tambaye ni dalili ba sai da ya ga fuskata, ya ce "Subhanallahi, wa ba lafiya?" Na faɗa masa. Ƙa'idarsu kwana bakwai ne kuma suna cire kashi biyar cikin ɗari in ka janye, haka yake a takardar da na sa wa hannu. Washegari kafin Azahar alat ya shigo, a farashin ranar, kuma bai cire komai ba. Da yamma sai ga shi a asibiti da ledar lemo. Wannan ba zan manta da shi ba, kuma shi ya sa ko da na zo faɗin laifinsu a ƙasa nake faɗa da nauyin baki.

Wajen takardu ma ba ni da abin cewa sai godiya, kuma duk aikin Malama ne. A watan Agusta 2024 ta kira ni ta ce an sanar kuɗin fasfo zai tashi ranar 1 ga Satumba, mai shafi 32 daga dubu 35 zuwa dubu 50, mai shafi 64 daga dubu 70 zuwa dubu 100, in kawo Inna mu cike tun yanzu. A gabana ta cike a intanet, kuɗin gwamnati na biya daidai yadda yake a shafin, ita kuma ta karɓi dubu biyar-biyar na aikinta, ba ɗan tsakiya ba "kawo na shan ruwa". Wanda bai yi ba har yanzu ya sani an sake ƙarawa a Satumbar 2025, mai shafi 32 ya koma dubu 100, babban kuma dubu 200, to a sa shi cikin lissafi tun farko. Ita ce kuma ta gano shekarar haihuwar da ke kan NIN ɗin Inna ba ta yi daidai da ta takardar shaidar shekarunta ba, kuskuren namu ne tun wajen cikewa, kuma fasfo daga NIN yake ɗaukar bayani, da ba a gyara ba da mun je an dawo da mu. Gyaran ya ci makonni, da a ce saura wata ɗaya tafiya muka gano da an shiga uku. Ta tura mu muka yi katin rigakafi mai ruwan ɗorawa na shawara, da allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema, ta ce a yi ta aƙalla kwana goma kafin tashi. Ta sa min manhajar Nusuk a waya ta nuna min yadda ake neman izinin shiga Rauda.

Shawarar lokacin tafiya ma ta cece ni kuɗi. Ni da Ramadan nake so, wa ba ya so, amma Alhaji ya ce da kuɗin mutum ɗaya na goman ƙarshe zan iya kai mutum biyu a Muharram ko Safar, bayan alhazai sun watse otal sun yi sauƙi, kafin kuma cunkoson watan Maulidi da hutun Disamba. Ya kuma gaya min gaskiya cewa zafi ne zai zama kuɗin da zan biya, don Safar ɗin 1447 ya faɗo a Agusta, Makka tana haura digiri 40. Muka zaɓi Safar.

Wajen kaya bai bar ni na yi ɓarna ba. Akwati biyu na gwanjo na saya a Katangowa, masu ƙarfi, na canza wa ɗaya zif da hannuna. Tikitinmu jaka biyu ne mai kilo 23 kowane mutum amma ya ce mu tafi da ɗaya-ɗaya mu bar wuri saboda dawowa. Muka ɗauki garin kunu, garin kwaki, suga, ganyen shayi, yaji, da ƙaramar butar lantarki, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku ba sai ka sayi wani abu ba. Goro ya ce ko ƙwaya ɗaya kada a saka, Inna ta so ta yi gardama ya ce "Inna ki yi haƙuri, kwana goma sha biyu ne, in kin dawo ni zan saya miki da kaina." Magungunanta na hawan jini a cikin kwalayensu da takardar likita. Ya ja kunnenmu sosai kada mu karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan ƙullin magani ne, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka, kuma in an auna jaka an manna mata lamba in ɗauki hoton jakar da lambar, in ƙirga da idona jaka nawa aka rubuta da sunana. Kuɗin kashewa riyal na saya tun a nan wajen 'yan canji, ya ce kada in dogara da katin ATM. Lissafin riyal ba wuya, tun 1986 a ɗaure take da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, in ka san farashin dala ka san nata.

To yanzu inda suka ba ni haushi.

Biza ba ta fito ba sai saura kwana uku mu tashi. Na san ba su ke bugawa ba, amma abin da ya dame ni shi ne shirun. Mako guda ina kira, wani lokacin a ɗauka a ce "in sha Allahu gobe", wani lokacin wayar ta yi ta ƙara. Inna ta riga ta yi sallama da 'yan uwa, an zo daga Idi-Araba an yi mata addu'a, kullum da safe sai ta dube ni, ba ta faɗin sunana don ni ne ɗan fari, sai dai ta ce "kai, an ce wani abu?" in ce tukuna. Mutumin da ya ba ka kuɗin shekara huɗu ya cancanci ka kira shi da kanka ka ce ga inda aka tsaya, ko da babu labari mai daɗi.

Na biyu zango. Daga Legas jiragen da suka fi sauƙin kuɗi sai sun biya ta wata ƙasa, wasu Addis Ababa, wasu Alƙahira, wasu Doha, wannan na sani kuma na yarda. Abin da aka ce min "ɗan jira ne kaɗan", da tikiti ya zo hannuna na duba sai na ga awa goma sha ɗaya. Da tsohuwa mai ciwon gwiwa, a kan kujerar ƙarfe, ga sanyin na'ura, ga ruwan roba ɗaya da kuɗinsa zai saya maka abincin rana a Agege. Na shimfiɗa mata darduma a wani lungu kusa da wurin sallah na lulluɓe ta da haramina na biyu, ta yi barci, ni na zauna gadin jaka har gari ya waye. Da an gaya min tun farko da na zo da bargo da abinci, ko in ƙara dala ɗari in nemi mai gajeren zango.

Amma babban laifin otal ɗin Makka ne. A ofis an ce min "minti goma da ƙafa zuwa Harami." Na tambaya har sau biyu saboda Inna. Da muka isa sai ga mu can wajen Kudai, ba maganar tafiya da ƙafa, sai dai motar otal, ita ma ta sauke ka a tasha ka ƙarasa da ƙafa, bayan sallah kuma ka bi layi cikin turmutsutsu kafin ka samu ta komawa. Ɗakin kansa ba laifi, mu huɗu ne, da tsabta, na'urar sanyi na aiki, ruwa bai taɓa yankewa ba. Amma ni ba ɗaki na zo gani ba. Burina Inna ta yi salloli biyar a Harami, sai ya zama ba zai yiwu ba, dole muka koma fita sau ɗaya, mu tafi kafin La'asar mu zauna har bayan Isha, Asuba da Azahar ta yi a ɗaki. Ranar farko da na gaya mata haka ba ta ce komai ba, ta ce "Allah ya sa haka ne alheri", amma na ga yadda ta juya fuska. Keken guragu da aka ce jagoranmu zai tanada shi ma babu, jagoran yaro ne ɗalibi mai kirki amma mutum arba'in aka jibga masa shi kaɗai. Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita uku ne, ban da ɗawafi, ba yadda za a yi ta taka. Daga kuɗin abincinmu na cire na biya mai turawa a daren farko, daga baya na sayi keke na hannu a wani kanti na riƙa tura ta da kaina, kuma gaskiya da na san haka tun a Legas zan nemi na gwanjo, jirgi yana ɗauka. Kuɗin ziyara ma, Jabalin Nur da Arfa da Mina, sai a can aka ce kowa ya kawo riyal 30, alhali na ɗauka yana ciki.

Duk da haka akwai abin da ba zan iya sa masa farashi ba. Daren da muka shiga, wajen ƙarfe biyu, na ce mata ta sunkuyar da kai har sai mun zo fili, mai turawa na tura keken, ni ina gefe ina jin yadda take karanta abin da ta iya a hankali. Da muka fito daga ƙarƙashin rumfa na ce Inna ɗago. Ta ɗago. Ta kama hannun keken ta miƙe tsaye da kanta, matar da sai an kama ta take tashi daga tabarma, ta tsaya tana kallo bakinta na motsi ba sauti, sai hawaye. Can ta juyo ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba.

Madina kuwa sun kyauta, otal ɗin da gaske kusa yake, Inna ta samu salloli a Masallacin Annabi (SAW) yadda take so, ta shiga Rauda da izinin da Malama ta nuna min yadda ake nema. Da mota muka je, tafiyar ta ɗauke mu wajen awa shida da tsayawa, akwai jirgin ƙasa na Haramain da ke yin ta cikin awa biyu da ɗan wani abu amma kuɗinsa ba na irin aljihuna ba ne. Abinci faranti ɗaya na shinkafa da kaza muke saye mu raba, yana da yawa, safe kuma kunu da shayi a ɗaki. Tsaraba dabino da tasbaha da 'yan turare kawai, sai Zamzam lita biyar-biyar da muka karɓa a filin jirgi.

Bayan mun dawo da kwana huɗu na hau benen. Ban yi hayaniya ba, na zauna na zayyana masa komai, na nuna masa taswira a waya, ga otal ga Harami. Ya yi shiru, sannan ya ce otal ɗin da suka saba kamawa a Misfala ne, unguwar da ke kusa da Harami, abokin hulɗarsu na can ya canza musu saura mako ɗaya, shi kuma ya ji nauyin faɗa mana don kada mutane su janye. Na ce Alhaji ai da ka faɗa, ni mai ƙara kuɗi ne saboda Inna, ka hana ni zaɓi. Ya ce "Gaskiyarka Malam, na yi kuskure, ka yafe ni." Ya mayar min da dala 120 da kuɗin keken, ya kuma aika wa Inna da goron da ya yi alkawari, farare manya. Kuɗin ba su dawo mata da Asubahin da ta rasa a Harami ba, na gaya masa haka, ya ce ya sani.

Masu tambayata ko su bi ta wajensu, ga abin da nake ce musu. Wajen tara kuɗi da riƙon amana da takardu, ban ga kamarsu ba a nan kusa, musamman ga irinmu da ba za mu iya ajiye miliyoyi a tebur rana ɗaya ba. Wajen masauki kuwa kada ka yarda da "minti goma" daga bakin kowa, a rubuta maka sunan otal a takarda da hatimi, ka buɗe Google Maps a gabansu ka auna tafiyar ƙafa zuwa ƙofar Harami, a kuma rubuta abin da za a yi in an canza. Ka ce a nuna maka awannin zango kafin a yanki tikiti, ka tambayi ziyara da keke da abinci ɗaya bayan ɗaya, wanne ke ciki wanne ba ya ciki. In da tsoho za ka tafi, faɗa musu tun ranar farko ka kuma maimaita duk zuwa.

Makon jiya na koma na karɓi sabon kati, wannan karon da sunan maiɗakina, na zuba dubu 30 na farko. Na sa Malama ta rubuta a bayan katin da biro cewa ba za a yanki tikiti ba sai na ga sunan otal na amince, Alhaji ya karanta ya sa hannu a ƙasa.